Sunkuyon Ladabi da Sunkuyon Kasala: Kalmar Ingilishi "Slouch" a Ma'aunin Hausar Ƙasar Kazaure



Abin da na zo da shi yau ƙarami ne a ido, domin kalma ce guda ta Ingilishi mai gaɓa ɗaya tak, wadda ake rubutawa "slouch", amma ita ce ta tsare ni ranar da wani malamin firamare daga ƙasar Roni ya kawo mini wani ɗan littafin kiwon lafiya da yake son mayarwa da Hausa saboda yaran ajinsa, ya ɗora yatsa a kan inda marubucin ya hana yara irin zaman da kalmar take nufi, na sakin kai da kafaɗu, ya ce in ba shi kalmar da za ta zauna a gurbinta. Na buɗe baki zan ce "sunkuyawa" sai na ji harshena ya yi nauyi, domin na tuna cewa idan malamin ya rubuta a allo kada yaro ya sunkuya, to ya rushe da hantsi abin da uwar yaron ta gina da asuba, ita da kullum take horonsa da ya sunkuyar da kai idan babba yana magana. Daga wannan rana na shiga bin sawun kalmar a ƙasarta, da kuma bin sawun 'yan'uwanta a bakin mutanenmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kuma abin da nake son tabbatarwa a gabanku shi ne, rashin kalma ɗaya a Hausa da za ta ɗauki wannan ma'ana ba talauci ba ne na harshe, hukunci ne da Bahaushe ya yanke tun da daɗewa, cewa ba a yi wa lanƙwasar jiki shari'a da surarta, sai an san niyyar mai ita da wanda aka yi ta a gabansa.

Asalin kalmar a ƙasarta

Masu ƙamusun Ingilishi sun bi kalmar har zuwa wajen shekarar 1515, kuma abin lura na farko shi ne, a wancan zamani ba sunan wani yanayi na jiki ba ce, sunan mutum ce, zagi ne da ake jifan rago da shi, wanda ba shi da kuzari ba shi da fasali, irin wanda mu za mu kira malalaci ko sakarai. Sai da aka shafe shekara fiye da 200, wajen 1725, kafin a same ta a rubuce da ma'anar sakin kai da kafaɗu, sa'an nan wajen 1754 ta zama aikatau, ana cewa wane yana tafiya ko yana zama a wannan hali. Daga jikin mutum ta koma kan tufafinsa, har aka kira wata malafa mai faɗin baki da ke langaɓowa da wannan suna, irin wadda sojojin Ostareliya suka shahara da ita. Ma'anar farko kuwa ba ta mutu ba, ta maƙale a cikin wata magana ta masu Ingilishi da suke yabon gwani da ita ta hanyar kore masa wannan suna, kamar dai yadda mu muke cewa wane ba kanwar lasa ba ne.

Game da tushenta, masana sun kasu. Waɗansu ƙamusoshi sun tsaya a kan cewa asalinta a rufe yake, waɗansu kuma sun danganta ta da "slókr", kalmar tsohon harshen mutanen arewacin Turai mai nufin rago, suka kuma haɗa ta zumunta da "slack", wato abin da ya yi sako-sako. Wannan ra'ayi na biyu yana da tarihi a bayansa, domin mayaƙan teku na ƙasashen Denmak da Norwe sun fara kai hari Ingila a tsibirin Lindisfarne a 793, suka ci birnin York a 866, suka zauna suka yi aure suka yi noma a arewa da gabashin ƙasar, har suka bar wa Ingilishi kalmomi na yau da kullum irin su "sky" da "egg" da "window". Mulkinsu a York ya ƙare a 954. Idan har kalmarmu daga gare su ta fito, to ta yi shekara sama da 500 tana yawo a bakin manoma da makiyaya kafin alƙalami ya kama ta, kuma wannan ba abin mamaki ba ne gare mu, mu da muka san yawan kalmomin da kakanninmu suka yi ta furtawa a kasuwa da gona ba tare da sun taɓa shiga takarda ba, sai da G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, R. C. Abraham ya biyo da nasa a 1949.

A nan ya wajaba in ja kunnen ɗalibai a kan wani rami da masu sha'awar ilmin ishtiƙaƙi, wato na asalin kalmomi, suke yawan faɗawa. Wanda ya ji "slack" ya kuma ji "saki" da "sako-sako", ya ga ma'anoninsu sun kusanci juna, zuciyarsa za ta raya masa cewa ɗaya ta haifi ɗaya. Ba haka ba ne. Ingilishi ɗan gidan harsunan Indiya da Turai ne, Hausa kuwa 'yar reshen Cadi ce daga gidan da ya haɗa ta da Larabci da Ibraniyanci da harsunan Buzaye, kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara a littafinsa na 1963, kuma kamannin sauti tsakanin kalmomi biyu ba ya zama hujja sai an samu hanyar da ɗaya ta bi ta isa ga ɗaya, da zamanin da ta bi ta. Mu a nan muna da misali a ƙofar gidanmu, domin babu yaron Kazaure da bai ji labarin maharbin da ya hango wurin a tsakanin duwatsu ya ce "kamar zaure" ba, har sunan ya bi garin. Labari ne mai daraja, yana nuna yadda mutane suke kallon garinsu, kuma ni ba na yarda a raina shi. Amma mai nazarin harshe yana ajiye irinsa a babin ruwayar jama'a, ba ya gina hukuncin ilmi a kansa shi kaɗai.

Akwai wata fuskar da ta fi wannan amfani. Masanin harshe J. R. Firth ya lura a 1930 cewa kalmomin Ingilishi masu farawa da "sl" da yawansu suna ɗauke da ma'anar santsi ko sakaci ko zubewa, ko da kuwa ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Tun kafinsa da ƙarnoni, Ibnu Jinni, wanda ya rasu a shekara ta 392 bayan Hijira, ya yi dogon bahasi a littafinsa Al-Khasa'is a kan yadda sautin harafi yake dacewa da ma'anar da yake ɗauka. Idan muka juyo gida muka jera lanƙwasa da tanƙwara da ranƙwafa da tanƙwashe da yanƙwane, kunne da kansa zai ji cewa wannan "nƙw" da ke tsakiyarsu tana karya kalmar a ƙugu kamar yadda ake karya abin da take nufi.

Yadda Bahaushe ya rarraba lanƙwasa

Masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa tushenta a zamanin jihadi bayan gwagwarmayarsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ɗansa Dambo kuma ya zaunar da ita a garin Kazaure, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, Babura kuma maƙwabciyarta ce ta gabas, a ƙarƙashin masarautar Ringim, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, saboda haka kunnen mutanenta ya saba da Kananci da Dauranci gaba ɗaya, kuma ƙasa ce ta manoma. Shi ya sa lanƙwasa ta farko da yaro yake buɗe ido ya gani a nan ba ta rago ba ce, ta ubansa ce a gona.

Duk wanda ya bi hanyar Gwiwa da damina bayan shuka ta yi mako biyu ya ga abin da nake nufi: magidanci da 'ya'yansa sun jeru a kunya, kowa da fartanya mai gajeriyar ƙota, ƙugu a sama kai a ƙasa, ba mai ɗagowa sai ya kai bakin gona, sa'an nan ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugunsa da hannun hagu, ya share gumi da bayan hannun dama, ya juyo ya kama wata kunyar. Wannan shi ne duƙawa, kuma da ita aka yi wa noma kirari aka ce na duƙe tsohon ciniki. Har ma a ƙasashen yashi na Nijar, inda ake nome ciyawa da dogon makami mutum yana tsaye, sai da aka kira wancan noman tsaye domin a bambanta shi da na duƙe. To yaya za a yi harshen da ya ɗauki duƙawa ya yi wa sana'ar da ke ciyar da shi rawani da ita, ya dawo kuma ya mayar da ita sunan lalaci? A ƙasar nan wanda ya ƙi duƙawa shi ne rago.

Lanƙwasa ta biyu ita ce ta ladabi, kuma a nan kalmomi suka fi yawa, domin matakan girmamawa suna da yawa. Akwai sunkuyar da kai, wanda ya tsaya a wuya da ido. Akwai rusunawa, inda ake ɗan karya gwiwa a rage tsawo. Akwai tsugunawa, da durƙusawa, da gurfanawa, wadda ita ce ta gaban sarki ko alƙali, har ta zama kalmar shari'a, ana cewa an gurfanar da wane a gaban kotu ko da a tsaye aka kawo shi. Ita kanta kalmar ladabi baƙuwa ce da ta zama 'yar gida, daga "al-adab" ta Larabci, Hausa ta haɗiye harafin ta'arifi ta mayar da shi cikin jikin kalmar, kamar yadda ta yi a labari da lada da lahira. Tawali'u ma haka, daga tushen Larabci mai nufin ajiye abu ƙasa, kuma lamin da ke cikinta shaida ce cewa ta hanyar malamai ta shigo, domin su ne suke karanta harafin ladi da wannan lafazi, kamar yadda muke ji a alƙali da alwala da farilla da lalura. Ga kuma karin maganar da ta taƙaita fahimtar Bahaushe a wannan babi, cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, domin mai durƙuson yana tashi da tsawonsa.

Kishiyar wannan ita ce ta fi nuna nisan da ke tsakanin harsunan biyu. Ina ɗan aji uku, malaminmu ya hore mu da cewa idan ya shigo mu miƙe cak, ƙirji a waje, mu dube shi ido cikin ido mu gaishe shi da Turanci, kuma wanda ya saki kafaɗa ya sha bulala. Na koma gida da sabon ilmina, na tarar da kakata zaune a tabarma tana tsince wake a faifai tare da wata tsohuwa baƙuwa, na tsaya a kansu kyam na gaishe su ina dubansu. Kakata ba ta amsa ba. Ta ajiye faifan, ta kama gefen rigata ta jawo ni ƙasa har gwiwata ta taɓa tabarma, sa'an nan ta ce, "Kai, wa ya koya maka tsayawa ƙerere a kan mutane kamar an dasa ka?" Tsayuwar da ta zama ladabi a aji ita ce ta zama rashin kunya a tsakar gida, kuma Hausa ta tanadi amsa-kama na musamman domin zarginta: ƙerere ga mai tsayuwar raini, ƙiƙam ga mai tsayuwar taurin kai, sororo ga wanda ya tsaya bai san abin da ya tsayar da shi ba. Ingilishi ya ƙirƙiri kalmar zargi ga wanda ya kasa miƙewa. Hausa ta fi ƙirƙirar ta ga wanda ya ƙi rusunawa.

Ba zan wuce wannan babi ba tare da ambaton cewa malamanmu ba su bar shi babu iyaka ba. Ibnu Baɗɗuɗa, da ya ziyarci Mali a 1352, ya ga talakawa suna zuba ƙasa a ka a gaban Mansa Sulaiman, kuma irin wannan gaisuwa, da Hausawa suke kira afi, tana cikin al'adun sarakunan Haɓe da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi inkari. A littafinsa Ihya'us Sunna ya lissafa sunkuyawa wajen sallama cikin bidi'o'i, kuma akwai hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya hana. A ƙarni na 20 maganar ta sake tasowa ta fuska biyu: 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, sun ƙi faɗuwa gaban masu sarauta saboda suna ganin ƙasƙanci ne ga talaka, ƙungiyar Izala kuma, da aka kafa a Jos a 1978, ta yaƙi durƙuson gaisuwa ta fuskar aƙida. Har yau akwai gidaje a Kazaure da Babura da uba yake jin ɗansa ya raina shi don ya ba shi hannu a tsaye, ɗan kuma yana ganin sunna ya bi. Ba wannan zama ne zai raba wannan gardama ba, kuma ba ni da matsayin yin fatawa a kanta. Abin da ya shafe ni shi ne, duk ɓangarorin sun yarda cewa lanƙwasar jiki magana ce, tana da ma'ana kamar lafazi, shi ya sa ma ake jayayya a kan wanda ya cancance ta.

Wanda ya cancance ta ba tare da saɓani ba shi ne Allah, kuma a nan ne Hausa ta ƙi amfani da kalmominta na gado, ta aro ruku'u da sujada daga Larabci ta keɓe su ga salla, ta yadda ba za ka taɓa jin an ce manomi ya yi ruku'u a gona ba ko da surar jikinsa ta yi daidai da ta mai salla. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wannan lanƙwasa ta ibada ita ce mafi nisa daga sakin jiki. Duk almajirin da ya karanta Ahalari ya san cewa daidaituwa da natsuwa, wato i'itidali da ɗuma'nina, suna cikin farillan salla, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ta siffanta ruku'u da cewa a ɗora tafuka a kan gwiwoyi, a shimfiɗa gadon baya, kada a ɗaga kai kada a noƙe shi. Ga hadisin mutumin da ya munana sallarsa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, da aka yi ta mayar da shi ya sake har sai da aka koya masa ya natsu a ruku'u ya kuma miƙe sosai bayansa. A Suratun Nisa'i, aya ta 142, an siffanta munafukai da cewa suna tashi zuwa salla cikin kasala, kuma daga wannan tushe na Larabci kalmarmu ta kasala ta fito. Saboda haka tarbiyyar miƙe baya ba Bature ne ya kawo mana ita ba; tana nan a zauren malam tun kafin a gina aji na farko a ƙasar nan, sai dai an rataya ta ga tsayuwa gaban Ubangiji, ba ga tsayuwa gaban mutum ba.

Inda kalmar ta sauka

Saura lanƙwasar da ba a yi niyyarta ba, wadda jiki yake yi da kansa idan wani abu ya rinjaye shi, kuma a nan ne gidan baƙuwarmu "slouch" yake. Sai dai ko a nan Hausa ba ta zuba kome a ƙwarya ɗaya ba. Tsoho ya ranƙwafa, babu zargi a kansa, shekaru ne. Mai doro da mai ƙusumbi halitta ce ko ciwo, kuma likitoci sun san cewa tarin fuka idan ya shiga ƙashin baya yana cinye shi har ya karye ya yi tudu, cutar da likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana a 1779. Wanda ya yi wa irin wannan bawan Allah ba'a ya yi zunubi, kuma mai fassarar da ya ɗauki "doro" ya sa a gurbin kalmar lalaci ya zalunci marasa lafiya. Mai jin sanyi ya takure ko ya ƙudundune. Mai baƙin ciki ya yi jugum, ko sukuku, ko ya zuba tagumi, kuma kowa a cikinmu ya taɓa jin hannun wata uwa ya fizge masa hannu daga haɓa tana cewa tagumi ba kyau ga mai iyaye a raye. Wanda labari ya karya wa zuciya kuwa, sai a ce jikinsa ya yi la'asar, magana mai kyau ƙwarai, domin ta ɗauki sunan lokacin salla daga Larabci, lokacin da rana take karkata ƙarfinta yana raguwa, ta ɗora wa jikin ɗan Adam.

Nahawu ma yana taimakawa wajen wannan rarrabewa. A tsarin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, aikatau mai ƙarewa da wasalin "e" yana nuna aikin ya kai matuƙa, ya cinye abin gaba ɗaya. Mutum yana lanƙwasa sanda da nufinsa, amma sanda ta lanƙwashe. Yaro yana sunkuyar da kai da zaɓinsa, amma ganye ya yanƙwane, mai zazzaɓi ya langaɓe. Langaɓewa ita ce mafi kusa da abin da Bature yake nufi ta fuskar sura, domin wuya ne da kafaɗu suke zubewa kamar ganyen rama da ya kwana a rana, sai dai ta fi karkata ga rashin ƙarfi, ba ta ɗauke da zargin da ke cikin kalmar Ingilishi tun ranar da aka haife ta a matsayin zagi.

Akwai kuma wani bambanci da ban ga an kula da shi ba. Bature yana karanta himmar mutum a kafaɗarsa, Bahaushe kuwa a gwiwarsa yake karanta ta. Muna cewa ƙarfin gwiwa da sanyin gwiwa, muna cewa an kashe masa gwiwa, mai roƙo yana zuwa gwiwa bibbiyu, mace mai naƙuda kuma a ce tana kan gwiwa, domin a durƙushe iyayenmu suka haife mu. Gaɓar da take karyewa domin ladabi da haihuwa da sujada ita ce dai gaɓar da ake auna jarunta da ita, kuma ina ganin wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a tunanin Bahaushe sauka ƙasa da ƙarfin zuciya ba kishiyoyi ba ne.

To amma me ya sa muke bukatar kalmar yanzu, alhali kakanninmu sun rayu ba tare da ita ba? Domin zama ya canza. Mai zaman tabarma yana harɗe ƙafa ko ya tanƙwashe ta, bayansa yana ɗauke da kansa domin babu abin jingina; benci da kujera da tebur su ne suka zo da irin zaman da mutum yake zamewa ƙasa, ƙugu a gaba, wuya a karye. Yanzu kuma ga waya. Ku bi ta kowace majalisa a Kazaure bayan sallar isha'i, ko ku dubi ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a gindin bishiya tsakanin darasi da darasi, za ku ga samari a jere, kowa haɓarsa a ƙirji, hasken gilashi a fuskarsa, kafaɗu sun zubo gaba. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka idan yana zaune daidai a kan ƙasusuwan wuya guda 7, amma wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa a 2014 cewa idan aka karkatar da shi digiri 60, nauyin da wuya yake ɗauka yana kaiwa kilo 27. Lissafi ne na kwamfuta, ba awo a jikin mutane ba, kuma ya kamata a karɓe shi a haka. Amma ko ba lissafi, wanda ya yi sa'a biyu a wannan hali ya san abin da ƙeyarsa take gaya masa. Abin da ya fi damuna shi ne, wannan sunkuyo ya ari rigar sunkuyon ladabi: dattijo yana magana, yaro ya sunkuyar da kai, mai kallo daga nesa ya ce ga ɗa mai kunya, alhali yaron ba ya tare da mai maganar ko kaɗan.

Shawarata ga masu fassara da masu tsara ƙamus, har da waɗanda za su sabunta Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, ita ce kada a ba wannan kalma sunkuya ko duƙa ko rusuna, domin waɗannan suna da iyayengiji, kuma kada a ba ta doro. Idan ana nufin sura kawai, langaɓewa ko sakin kafaɗa sun wadatar. Idan ana nufin zargin da ke cikinta, to a ce zaman kasala ko tafiyar kasala, domin kasala ita ce kalmar da ta haɗa mutuwar jiki da mutuwar himma a wuri ɗaya, kuma kowane yaro da ya je makarantar allo ya san ba yabo ba ce. Idan kuwa aka ci karo da ita a tsohuwar ma'anarta ta sunan mutum, rago ya ishe ta.

A kan haka muka tsaya da malamin nan na Roni. Ya soke jimlar da ya fara rubutawa, ya rubuta a madadinta cewa kada yaro ya yi zaman kasala a kan benci, ya shimfiɗa gadon bayansa kamar yadda malamin allo ya koya masa a salla, ya bar sunkuyar da kai sai lokacin da babba yake yi masa magana. Da na sake haɗuwa da shi a tashar Kazaure bayan kaka, ya ce mini ya karanta wa ajin jimlar sau ɗaya, bai ƙara bayani ba, sai ya ji bencina suna ƙara, yara sittin suna gyara zama.